Kawu Tarago da Abokin Musunsa

Shagon kawuna yana kallon tashar jirgin ƙasa, titi ɗaya ne kawai tsakaninsu. Ɗan ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Gyaran rediyo yake yi tun kafin a haife ni. Kantocin bango cike suke da rediyoyin da masu su suka kawo ba su dawo ba, ga gwangwanayen madara a jere, wannan na sukurori, wancan na guntayen waya, ga ƙaurin dalma da ya kama har rigunansa. Kujerarsa a karkace ya ajiye ta, yadda da ya ɗaga kai daga aiki idonsa zai faɗa kan dogo.

Yayan mahaifiyata ne. Shi da matarsa, wadda muke kira Iya, Allah bai ba su haihuwa ba, sai mu 'ya'yan ƙanwarsa muka zama nasu. Da na girma na zama direban tasi, ya samu abin tsokana. "Ga direban da ba shi da dogo," in ji shi, "duk inda ya ga dama ya karkata."

Sai da furfura ta fara fito mini na san cewa ba gyaran rediyo Kawu ya so ba. Yana saurayi ya je neman aikin tuƙin jirgi. Ya ci jarrabawar rubutu, aka duba ƙirjinsa da kunnensa, duk lafiya. Saura ido. Likita ya shigar da shi ɗaki mai duhu, ya riƙa kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya yana cewa ya faɗi launinsu. Kawu yana ta faɗa, ko ɗar bai ji ba. Da aka gama likitan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Samari, ja da kore duk ɗaya ne a idonka. Ba za a ba ka jirgi ba, ko yau ko gobe." Ya dawo gida ya ce wa mutane shi ya fasa, hayaƙin aikin ya yi yawa. Daga nan ya koyi gyara, ya kama shagon da ke kallon tashar.

Ko a sana'ar ma idon bai ƙyale shi ba, don wayoyin cikin rediyo da ƙananan kayanta da launi ake gane su. Iya ce ke zuwa sau ɗaya a mako, ta zauna a bakin ƙofa ta ware masa, ja a wannan gwangwani, kore a wancan. Mu mun ɗauka zuwa take ta sa masa ido kada ya yini kallon jirgi. Ita ma haka take cewa.

A ƙuryar shagon, a kan tebur na daban, akwai wata rediyo da ba ta kowa ba ce sai tasa. Oba-oba ce, irin wadda mutum ke magana a ji shi a wani gari. Da hannunsa ya haɗa rabinta, ya kafa mata eriya a kan rufi da dogon bututun ƙarfe, ya sa lasisinta a gilashi ya rataye. Kowace Lahadi da yamma sai ya janyo ƙofa ya bar ta a ɗan buɗe, ya kunna, ya yi ta murɗawa har shuuu ɗin ya lafa muryoyi su fito. Mutane ne a garuruwa daban-daban, masu irin wannan rediyo, waɗanda son jirgin ƙasa ya haɗa. 'Yan Dogo suke kiran kansu, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Kowa yana da lambar kira, amma da an gama gaisuwa sai a koma laƙabi. Akwai Mai Kemis, shi ke raba magana. Akwai Malama, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ƙuruciyarta tana zuwa makarantar kwana a jirgi. Sai Fayaman, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana zuba wa injin kwal da shebur, zamanin jiragen tururi. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda: ka danna maɓallin makirfo, ka faɗi taka, ka ce "oba", ka saki.

Hirarsu duk ta ƙananan abubuwa ce. Me ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarfen dogo da mai bi masa? Don in rana ta gasa shi ya miƙe, kada ya lanƙwashe. Me mutumin nan yake saurare in yana bin ƙafafun jirgi yana ƙwanƙwasa su da guduma? Wadda ta tsage ba ta amo. Iya takan ce, "Tsofaffi da jikoki, sun zauna suna cacar baki a kan tsakuwa."

Fayaman ne ya raɗa wa Kawu suna. Kullum Kawu ne ƙarshen shigowa, don sai ya sallami mai ƙwanƙwasa ƙofa ko da ranar hutu ce. Da an ji muryarsa sai Fayaman ya ce, "To, taragon ƙarshe ya iso, jirgi ya cika." Tun daga nan ya zama Tarago. Su biyun ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Kawu ya san jirgi ta littafi da ta ƙofar shago, Fayaman ya san shi ta gadon bayansa.

"Na ce injin tururi ya fi shan ruwa a kan cin kwal, in aka auna nauyi," in ji Kawu wata rana. "Nesa ba kusa ba. Oba."

"Tarago, wa ya auna? Ruwa da ƙafarsa yake zuwa daga tanki. Kwal kuwa ni na ɗauke shi, shebur-shebur. Ka zo ka tambayi ƙuguna. Oba."

"Ƙugunka ba sikeli ba ne. Oba."

"Littafinka ma ba jirgi ba ne. Oba."

Haka suka yi shekara da shekaru. In an tashi, Kawu ya rufe rediyo yana tsaki, amma fuskarsa a sake, kuma ranar yakan ci abinci da yawa.

A cikin shekarun nan tashar ta fara mutuwa. Jirgin fasinja ya ragu, sannan ya daina zuwa. Masu sayar da kaya a bakin ƙofar tasha suka watse. Ya rage na kaya, shi ma sai ya ga dama. 'Yan Dogo ma suna raguwa, wani ya rasu, wani 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa gidan da ba a yarda a kafa eriya ba. Wata Lahadi aka yi ruwa da iska, ba wanda ya samu shiga sai Kawu da Fayaman. Ranar ba su yi musu ba. Fayaman ya ba shi labarin ɗansa namiji da ya rasu yana ƙarami, shi kuwa yana can wani gari da jirgi, bai ji ba sai bayan an binne. Kawu ya danna maɓalli, shi ma ya ba shi labarin ɗaki mai duhu da fitilun likita. Ban da Iya, ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa.

Ranar da abin ya ɓaci ina shagon, na kawo masa rediyon motata. Malama ce ta kawo zance. Ta ce ta karanta cewa a can da, fitilar da ke ba jirgi hanya fara ce, ba kore ba. Sai aka lura in gilashin jar fitila ya fashe ya faɗi, farin haske ke fitowa, direba ya ɗauka an ce ya wuce. Shi ya sa aka canza.

Muryar Fayaman ta shigo cike da dariya. "Malama, ai da an bar ta fara, wataƙila da mun samu ƙarin direba ɗaya. Ko ba haka ba, Tarago? Da yanzu kai ne a gaba, ba a wutsiya ba. Oba."

Mai Kemis ya ce bai gane ba. Fayaman, maimakon ya ja bakinsa, sai ya warware musu komai, har da maganar likitan, yana yi yana tari don dariya. Ba da mugunta ya yi ba, na tabbata. Irin mutanen nan ne da in wasa ya zo musu baki ba sa iya haɗiye shi. Wani ya taya shi dariya. Malama ta ce, "Haba, Fayaman." Sai aka bar wa Kawu fili.

Makirfon yana hannunsa, babban yatsansa a kan maɓalli. Bai danna ba. Ya ajiye shi a hankali, ya kashe rediyo, ya ɗauko tsohon tawul ya lulluɓe ta. Ya juyo gare ni ba tare da ya kalle ni ba ya ce, "Taka fis ne ya ƙone. Ka dawo gobe."

Na je gida wurin Iya, ita ta cike mini sauran labarin. Ta ce, "Abin da bai kai a ɓoye ba ya ɓoye har ya zame masa ƙurji. Yanzu an taɓa."

Kawu bai daina kunna rediyon ba, magana ce ya daina. Ran Lahadi zai rufe ƙofa ruf, ya rage murya, ya zauna yana ji. Na taɓa samunsa a haka. Fayaman yana ta kira, "Tarago, Tarago, kana ji na? Oba." Ba amsa. Fayaman ba mutumin da ya iya ba da haƙuri ba ne, sai ya riƙa jefo tambayoyin da ya san na Kawu ne. "Jama'a, na manta, me ya sa ƙafar jirgi ba a miƙe take ba, ta ɗan zube ta gefe ɗaya? Akwai wani mai littafi da ya sani. Oba." Na ga leɓen Kawu yana motsi da amsar, cewa don ta iya shan kwana ne, amma hannunsa yana kan gwiwa.

"Kawu, ka amsa masa mana."

"Wa ya sa da kai?"

Makonni suka zama watanni. Sannan kiran ya tsaya. Kawu ya ce wa Iya, "Kin gani ko? Ya gaji. Dama can bai damu ba." Amma sai ya rame, ya riƙa yi wa masu kawo gyara faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da abin ya ishe shi, wata Lahadi ya yaye tawul, ya faɗi lambarsa kamar jiya ya bar wurin. Mai Kemis ya yi masa maraba, Malama ta yi. Kawu ya yi ta zagaye-zagaye, can ya ce, "Mai sheburin nan fa? Ko kwal ya ƙare? Oba."

Mai Kemis ne ya ɗauka. Ya ce, "Ashe ba ka ji ba. Faɗuwa ya yi a banɗaki. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ma ya tafi. Yana gida wurin 'yarsa. Oba."

Kwana biyu Kawu yana cewa ba shi da abin da zai je yi, mutumin da ko fuskarsa bai sani ba. Iya ce ta kira ni. Ta goge masa riga, ta ajiye takalmansa a bakin ƙofa, ta ce, "In ba ka je ba, ni zan je in ce masa ni ce Tarago." Kafin mu tafi ya zaɓi wata ƙaramar rediyo cikin waɗanda aka bari, ya yini yana gyara ta yadda za ta kama hirar 'Yan Dogo, don mara lafiya ya riƙa ji daga kan gado.

Tafiyar yini ce. Hanyar mota tana bin gefen dogo a wurare da yawa. Ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai, a wani wurin mata sun shanya wanki a kan ƙarfen. Kawu, wanda ko tsayawa shan mai ba ya bari ta wuce bai yi sharhi ba, ranar sai kallon taga kawai yake. Rediyon na kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

Gidan yana cikin tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi, jere iri ɗaya, fenti duk ya kwaye. Wata mata mai kamar shekaruna ta buɗe ƙofa tana goge hannu. Kawu ya yi sallama, ya fara bayanin ko shi wane ne. Bai kai ƙarshe ba ta rufe baki da hannu.

"Baba Tarago! Wallahi muryarka ce. Da ita na girma, ina wanke-wanke kuna musu."

Ta kai mu ɗaki. Akwai warin magani da na man shafawa, labule a sake, oba-obarsa a kan kabad an naɗe wayoyinta. Kawu ya sha gaya mini cewa Fayaman ƙato ne, daga jin muryarsa. Wanda muka samu a kan gado ɗan tsamurmurin tsoho ne, hannuwansa duk tabon ƙuna, bakinsa ya karkace gefe. Ya kalli Kawu kamar yadda ake kallon mai karanta mitar lantarki.

Kawu ya zauna a kujerar roba. Ya gyara murya. Ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya dunƙule shi kusa da baki kamar yana riƙe da wani abu.

"Fayaman, Fayaman. Tarago ne. Ya jiki? Oba."

Idon tsohon ya buɗe sosai. Hannunsa mai lafiya ya damƙi zanen gado. Bakin ya yi ta ƙoƙari, amma ba abin da ya fito sai wani gurnani da yawu, 'yar ta matso ta goge. Kawu kuwa ya yi shiru yana jira, kamar yadda ya saba, don ya riga ya ce oba, magana ta koma wancan ɓangaren. Ni na kasa tsayawa, na fita na duba tayar da lafiyarta ƙalau.

Da na dawo na tarar Kawu ya samu bakin magana. Bai ce ya yi fushi ba, bai ce ya huce ba. Labarin hanya yake ba shi, da gadar da muka wuce. Can sai ya ce, yana satar kallonsa, "Na karanta kwanan nan cewa yashin da ake zuba wa dogo, don ya sanyaya ƙarfe ne."

Ƙarya ce, kuma ya sani, don ƙafa ta kama dogo ake zuba shi in ya yi santsi. Fayaman ya yi wani irin nishi, ya fara dukan katifa da hannu, jijiyar wuyansa ta tashi. Kawu ya fara murmushi. Amma dukan bai tsaya ba, numfashin tsohon ya sarƙe, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya. 'Yar ta riƙe shi tana cewa, "Baba Tarago, don Allah a bar wannan. Likita ya ce kada ransa ya tashi." Murmushin Kawu ya bushe a fuskarsa. Ya ce to, to.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ɗora ƙaramar rediyon a kan teburin gefen gado, ya sa ni na ja waya ta taga na ɗaure a reshen wata bishiya. Da ya zo haɗa batir, wayoyi biyu suka tsaya masa a hannu. Ya juya su, ya sake juyawa. Iya ba ta nan. Ya ɗaga su sama, a gaban Fayaman, ya ce wa 'yar, "'Yata, wacce ce ja a nan?" Ta nuna masa. Daga kan gado wani sauti ya fito, har yau ban san ko dariya ba ce ko kuka.

Ba mu kwana ba. Da za mu fita Kawu ya kama hannun nan mai tabo ya ce, "Ran Lahadi ka kunna. Zan yi da wuri."

Ya kuwa cika alkawari. Ya zama shi ne farkon shigowa. Yakan gaida Mai Kemis da Malama, sannan ya ce, "Fayaman, na san kana ji," ya kawo masa wani zance, ya ce oba, ya bar fili. Sauran ma suka koyi yin shiru na ɗan lokaci kafin wani ya ɗauka. Haka aka yi ta yi har damina ta zagayo.

A wayata 'yar ta kira, don lambata ta karɓa. Na kai wa Kawu wayar har shago. Ta ce Baba ya cika da safe, cikin sauƙi. Kawu ya yi masa addu'a, ya yi mata gaisuwa. Sannan ya tambaya, "Yana dai jin mu ran Lahadi ko?"

Ita ba ta san nauyin tambayar ba. Ta ce, "Ai ya ji na farkon nan, Baba, har ya ƙi barci. To bayan tafiyarku ba da jimawa ba iska ta karya reshen, wayar ta faɗo. Na mayar, amma sai shuuu kawai take yi. Na yi ta cewa zan kira, hidimar jinya ta sha kaina."

Kawu ya ce, "Ba komai, 'yata. Kin yi ƙoƙari. Allah ya ba ki lada." Ya miƙo mini wayar, ya zauna yana kallon hannunsa.

Yanzu 'Yan Dogo saura su uku, in Malama ta samu wanda zai kunna mata, don idonta ya yi rauni. Kawu yana shiga, amma ba kullum ba. Ba mai kawo rediyo gyara kuma, kowa da waya a aljihu, sai ya koma gyaran tocila da fanka da abin da ya samu. Ginin tashar an ba wani mai sayar da siminti haya, manyan motoci ke tsayawa a gabansa tun safe, ƙurarsu har cikin gwangwanayen Kawu.

Shekaranjiya na bi ta wurin da fasinja, na tsaya mu gaisa. Na same shi ya kwance dutsen gugar wata mata, tana tsaye a kansa tana cewa sauri take. Ya ɗago ya ce, "Direba, birkinka na kuka, tun daga kwana na ji shi. Ka kai a duba kafin ka ɗauki iyalin mutane." Na ce to, Kawu. Ya mayar da kansa kan dutsen gugar.